Hijabin Sauka a Tayar Baya

Jiya da hantsi ina cikin keke mai ƙafa uku, mun tsaya a cunkoson Ƙofar Kibo, sai wani ɗan bumburutu ya yi tuntuɓe da galan ɗinsa, fetur ya malale a kan kwalta. Warin na bugun hancina na ji hannuna ya kai wuyana da kansa. Matar da ke zaune kusa da ni ta dube ni, ta ce ko ba ni da lafiya ne. Na ce mata ƙalau nake. Ƙarya na yi mata. A wannan lokacin na koma 'yar shekara sha biyu, ina kwance a bakin kwata, ina jin ana neman kashe mutum a gabana.

Bari in koma baya, kada ka ce daga sama na faɗo maka.

A cikin birni aka haife ni, a wani gida mai zaure biyu can cikin lungunan Ƙofar Kuyambana, inda in mota ta kuskura ta shigo sai dai ta fita da baya. Kakanmu malami ne, ya rasu tun ban yi wayo ba. Ƙannen babana duk ma'aikatan gwamnati ne, masu manyan riguna da biro a aljihu. Baba ne kaɗai boko bai karɓe shi ba, shi ma bai roƙe shi ba. Ya taɓa ɗinki ya bari, ya taɓa tireda ya bari, daga ƙarshe ya tsaya a kan babur yana acaɓa, kuma ban taɓa ganin mutumin da ke son sana'arsa kamarsa ba.

A zauren ciki babur ɗin yake kwana. Kullum da safe sai an wanke shi kafin a yi mana wanka, kuma shi da sabon soso, mu da tsohon. Sauran 'yan acaɓa cire madubai suke yi, wai suna hana su kurɗawa tsakanin motoci. Baba ya cire na dama ya bar na hagu. Yakan ce shi sai ya ga fuskar wanda ya ɗauka hankalinsa ke kwanciya.

Kakata, mahaifiyar Baba, ita ce babbar abokiyar gabar wannan babur. Ba ta taɓa hawa ba, ko asibiti za ta sai dai ta taka sannu a hankali tana hutawa a zaurukan mutane. Amma ta fi masu hawan sanin dokokinsa. Duk macen gidan da za ta hau, sai ta tsaya a gaban Kaka tukuna. Ta tattaro bakin hijabi ta baya, ta zauna a kansa, ta tattaro na gaba ta cusa tsakanin gwiwoyi, hannu ɗaya ya danne. Kaka takan ce taya ba ta san ɗiyar malam ba, abin da ta kama nata ne. Mu yara dariya muke yi mata a bayan ido, muna kwaikwayon yadda take tattare zaninta ko a kan tabarma take.

Akwai wata al'ada ta 'yan acaɓa da ya kamata ka sani, don a kanta labarin nan ya rataya. In mota ta buge ɗaya daga cikinsu, duk wani mai babur da ke wucewa tsayawa yake, ko ya san wanda aka buge ko bai sani ba. Kafin ka ƙifta ido sun cika titi. Ba sa tambaya, ba sa jiran ɗan sanda. Su ga babur a ƙasa, su ga mota a tsaye kusa da shi, shari'a ta ƙare. Baba yakan ce ba mugunta ba ce, tsoro ne. Masu mota sun daɗe suna take su su wuce kamar sun take leda, in ba su haɗa kai ba wa zai tsaya musu? Ina yarinya wannan magana daɗi take yi mini. Gani nake babana yana da 'yan'uwa dubu a gari, babu mai taɓa shi.

A shekarun nan ne kekuna masu ƙafa uku suka fara shigowa Zariya, ɗaya-ɗaya, suna tafe suna karkarwa. 'Yan acaɓa suka mai da su abin dariya. Wasu su ce akurkin kaji, wasu su ce motar gwauraye. Wata rana wani kawuna ya ba Baba shawarar ya koma keke, tunda shekaru sun fara ja. Baba ya yi dariya har da buga cinya.

"Ranar da ka gan ni a cikin wannan kwandon," in ji shi, "to ka tabbata ƙafata ce ta karye."

Kaka na daga ɗaki ta ce ya tofar da yawun bakinsa. Bai tofar ba.

Farkon damina aka sa ranar walimar saukarmu a Islamiyyar da nake zuwa a Tukur-Tukur. An yi ruwa kwana biyu kafin nan, gari ya yi wannan ƙamshi na jiƙaƙƙiyar ƙasa, ciyawa ta fara tsirowa a jikin ganuwa. Inna ta ɗinka mini sabon hijabi shuɗi, mai santsi, har ƙasa. Shi ne babban hijabina na farko. Duk waɗanda na sa kafin shi iyakarsu gwiwa, irin na yara. Da na saka shi na juya a tsakar gida, na ji yana shara a bayana, wallahi na ɗauka babu wata mace a birnin Zazzau sai ni.

Kaka ta kira ni, ta tattare mini shi da hannunta bayan na hau babur, ta cusa, ta danna.

"Uwar iyayi," ta ce, "in kin sake shi, ni da ke ne."

Muka fito daga lungu. Ina zaune a bayan Baba kamar ƙullin kaya, duk kyan hijabin yana ƙarƙashina a cukuikuye. Da muka hau babban titi, can gabanmu na hango ƙawayena uku suna tafe a ƙasa, su ma za su wajen walimar, nasu hijaban farare na bara. A nan shaiɗan ya same ni, ko kuma in faɗi gaskiya, ni na same shi. Na ɗaga jikina kaɗan, na zaro bakin hijabin, na sake shi. Iska ta ɗauke shi, ya buɗe a bayana yana kaɗawa. Muka wuce su, na ji ɗaya ta kira ni da ƙarfi. Ban taɓa jin daɗi irin na wannan ɗan lokaci ba, kuma ban sake ji ba.

Mun kusa ƙofar gari Baba ya rage gudu saboda wani rami. Iska ta sauka, hijabin ya sauka tare da ita.

Abin da na fara ji shi ne kamar wani ƙato ya kama ni ta ƙeya ya fizga. Kaina ya koma baya har na ga sama. Wuyan hijabin ya shige ƙarƙashin haɓata ya shaƙe ni, numfashi ya tsaya, harshena ya fito. Taya tana naɗe ƙyallen tana jawo ni zuwa gare ta. Sai tayar ta cije gaba ɗaya. Babur ya yi tsalle, ya juya, ya watsar da mu. Na ji ƙyallen ya yage, wannan yagewar ce ta bar ni da rai. Na gurzu a kan kwalta har bakin kwata, fatar kumatuna da ta hannuna suka tafi. Baba kuwa kansa ya bugi dutsen gefen titi, babur ya faɗo masa a ƙafa. Na ji ƙarar ƙashin, irin ƙarar da rake ke yi in an karya shi a gwiwa. Fetur ya riƙa bulbulowa daga tanki yana bin kwalta mai zafi, yana gauraya da jinin da ke fita daga kan Baba. Baba bai motsa ba.

Wata tsohuwar farar mota da ke bayanmu ta ja birki ta tsaya. Wani dattijo ya fito, siriri, da farar riga da tabarau, daga baya muka ji malamin makaranta ne da ya yi ritaya. Yana salati ya nufo ni, ya sassauta abin da ya rage a wuyana, ya ce, "Yi numfashi, 'yata, yi numfashi." Sannan ya koma kan Baba, ya buɗe ƙofar bayan motarsa, yana ƙoƙarin janye shi daga ƙarƙashin babur. Jinin Baba ya ɓata masa riga har gwiwar hannu.

A haka 'yan acaɓa suka same shi.

Na farko ya tsaya, na biyu ya tsaya, sai ƙarar babura ta cika ko'ina. Suka ga babur a ƙasa, suka ga ɗan'uwansu cikin jini, suka ga mota da mai ita da jini a hannu. Wani matashi mai jar hula ya sunkuyo kaina, har ina jin warin sigari a bakinsa.

"Ke yarinya, motar nan ce ta buge ku?"

Na ji shi sarai. Wuyana na ciwo, amma da na so magana da na yi, ko kai ne da na girgiza. Sai dai a raina na riga na gama cewa Baba ya mutu, kuma ni na kashe shi. In na ce ba motar ba ce, za a ce to mene ne, kuma amsar tana naɗe a tayar baya. Na tuna fuskar Kaka. Sai na rufe idona, na saki jikina kamar wadda ta suma.

Rufe ido bai hana ni ji ba. Na ji marin farko, na ji tabarau ya faɗi an take shi. Na ji dattijon yana cewa, "Ku tsaya, bayin Allah, taimako na tsaya yi." Wani ya ce dukansu haka suke faɗa. Daga nan sai ƙarar duka, da sarƙar ɗaure babur, da sifana, da duwatsun gefen titi. Na buɗe ido kaɗan. Yana durƙushe ya rufe kansa da hannu biyu, wani ya ɗaga sarƙa ya zuba masa a fuska, na ga idonsa na dama ya fashe, wani abu fari da ja ya gangaro kan gemunsa. Ya daina roƙo, sai wani gurnani kawai. Wasu suka koma kan motar, suka farfasa gilasai, suka kifar da ita a tsakiyar titi. Wani ya tsoma tsumma a fetur ɗin babur ɗin Baba, ya kunna, ya jefa ciki. Zafin wutar ya iso har inda nake kwance. Na ji ana cewa a jawo dattijon a jefa shi ciki. Duk wannan ina ji, kuma bakina na rufe.

Wanda ya cece shi wani tsohon ɗan acaɓa ne daga tashar su Baba, mai furfura, wanda suke kira babansu. Shi da ya iso bai nufi taron ba, babur ɗin ya nufa, don ya janye shi daga wuta. Yana ɗagawa ya ga shuɗin ƙyalle cunkushe a wayoyin taya har cikin sarƙa. Ya duba bayan babur ɗin, babu ko ƙwarzane na bugun mota. Ya yi ihu, ba wanda ya ji shi. Sai ya zaro wuƙa ya yanko ƙyallen, ya kutsa cikinsu, ya kwanta a kan dattijon, yana ɗaga ƙyallen sama. Shi ma ya sha sarƙa biyu a gadon baya kafin su gane ko wane ne.

"Hijabi ne," yake ta faɗa. "Hijabi ne ya kayar da su, ku dubi tayar. Kun kashe mutum a banza."

Yadda suka taru haka suka watse. Cikin ɗan lokaci babu kowa sai mu huɗu a ƙasa, da mota tana ci da wuta, da mutanen unguwa da sai a lokacin suka sami ƙarfin matsowa. Wani mai keke ne ya kwashe mu zuwa asibiti, akurkin kajin nan da ake yi wa dariya. Babu babur ɗin da zai iya ɗaukar mutum uku da ba sa iya zama.

Baba bai mutu ba. Ya kwana biyu bai san inda yake ba, ya tashi da ɗinki a kai da karaya biyu a ƙafa. Malamin ma ya rayu, amma ido ya tafi, yatsun hannunsa na dama suka ƙage, ba ya iya riƙe ko alƙalami balle sitiyari. Ni kuwa kowa tausayina yake ji. Aka ce iska ce ta zaro hijabin, aka ce yarinya ta suma ba ta san abin da aka yi ba. Kaka kaɗai ta tsaya a bakin gadona ta daɗe tana kallona. Har ta koma ga Allah ba ta tambaye ni ba, kuma wannan shirun ya fi mini bulala zafi.

Da ƙafar Baba ta haɗu, ta haɗu a karkace. Ya sayar da gonarsa ta gado ya sayi keke. Kawuna bai tuna masa da maganarsa ba, mu ma ba wanda ya yi dariya. Ranar farko da ya fita, gidan malamin ya nufa a Tukur-Tukur, ya yi sallama. Malamin ya aiko a ce masa ya gaji da ganin 'yan acaɓa, ko da ido ɗayan ne. Baba ya dawo. Washegari ya koma, ya ajiye keke a ƙofar gidan, ya zauna har hantsi. Haka ya yi ta yi har damina ta wuce. Wata Juma'a malamin ya fito da sanda, ya shiga bayan keken ba tare da gaisuwa ba, ya ce, "Masallaci." Daga ranar har shekara ashirin da wani abu, duk inda zai je Baba ne ke kai shi, asibiti, ɗaurin aure, karɓar fansho. Suna tafe suna musu a kan siyasa kamar waɗanda suka tashi gida ɗaya.

In ka tambayi masu keke dalilin da ya sa suka bar ƙafa biyu, kowa da amsar shekarunsa. Tsohon nan mai furfura ya koma keke bayan Baba da wata biyu. Shi cewa ya yi gwiwarsa ta daina riƙe nauyin babur a tsaye, kuma ya gaji da zama uban mutanen da ba sa tambaya kafin su yi duka. Ƙanena, wanda ke jan keken Baba yanzu, dariya yake yi in an tambaye shi. Ya ce yana da rufi in ana ruwa, yana da inuwa in ana rana, ga wurin sa rediyo, kuma in mota ta goge ka ƙarfe ne zai lotsa, ba ƙafarka ba. Ya ce ko gidan su budurwa ka je da keke an fi saurin shimfiɗa maka tabarma. Kada ka ɗauka masu keke waliyyai ne, na sha ganin su ma sun taru a kan mai mota. Baba kuwa amsarsa ɗaya ce kullum: ba zai ƙara ɗaukar mace a kan abin da tayarsa ke buɗe ba. Laifin ya ɗora wa kansa, ni kuma na bar shi da shi.

Daminar bara malamin ya rasu. Sau nawa na zauna kusa da shi a bayan keken nan, ya miƙo shanyayyen hannunsa ya ture mini bakin hijabi ciki, ya ce, "Tattare, 'yata." Sau nawa na buɗe baki na rufe. Kullum sai in ce wa kaina sai wani zuwan.

Da aka dawo daga maƙabarta na sami Baba shi kaɗai a zauren ciki, inda babur yake kwana a da, ya miƙe karkatacciyar ƙafarsa, ƙasar kabari ba ta gama bushewa a takalminsa ba. Na durƙusa. Ina da 'ya'ya uku a lokacin, amma na sunkuyar da kai kamar yarinya.

"Baba, ranar nan ba iska ba ce. Ni na zaro shi da hannuna, don ƙawayena su gani."

Ya dubi ƙofa.

"Na sani," ya ce. "Na gan shi a madubi yana tashi. Na ga fuskarki kina murna, sai na ce bari in bar ki har mu wuce ƙofar gari."

Kuka ya ƙwace mini. Fiye da shekara ashirin kowannenmu yana ɓoye wa ɗan'uwansa abu ɗaya. Na ji wani nauyi ya sauka, har na sami ƙarfin faɗin sauran.

"Kuma ban suma ba, Baba. Sun tambaye ni ko motar ce. Na ji su. Na yi shiru."

Wannan karon ya juyo ya dube ni sosai. Babu faɗa a fuskarsa, da ma faɗan ya yi da ya fi mini sauƙi.

"Wannan ba ni za ki faɗa wa ba," ya ce. "Mai ita mun binne shi ɗazu."

Yanzu kekuna sun cika birni, har lungunmu da mota ba ta shiga suna shiga. Babbar 'yata ta kai shekarun da nake a lokacin, bana za ta yi sauka, na riga na sayi yadin hijabinta, shuɗi. Ba ta taɓa hawa babur ba. Duk da haka in za mu fita sai na tsayar da ita a zaure na tattare mata, na cusa, na danna. Takan yi tsaki ƙasa-ƙasa, ta ce, "Umma, keke ne fa, tayar a rufe take." Ban taɓa ba ta amsa ba. Amma na yi niyya, kafin ta sa shuɗin nan a jikinta, zan zaunar da ita in nuna mata tabon da ke ƙarƙashin haɓata, in ba ta labarin mai farar mota tun daga farko, har da wurin da aka tambaye ni.